Kafen tudun Saliyo: an gano itacen, saura kurmin

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin mai shayi da sassafe, a tashar motar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko a gefen babbar kasuwar Yamai, ya san ɗan gwangwanin kafe da cokalin da ake ɗibarsa da shi cikin tattali, kamar ana auna magani. Ba a noma kafe a ƙasar Nijar, kuma babu alamar za a noma shi, amma duk da haka ya shiga karin kumallon direba da ɗan dako da ma'aikacin gwamnati, da ɗalibin da ke kwana bisa littafi gabanin jarrabawa. Da yawa daga cikin gwangwanayen nan daga Abijan suke fitowa, ta hanyar da ƴan ci-rani suka daɗe da sani. Saboda haka duk abin da ya taɓa itacen kafe a ƙasashen kurmi, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya iso teburin mai shayi.

Kuma lalle an taɓa shi. A watan Yuli na shekarar 2021 matsanancin sanyi ya ƙone gonaki masu yawa a Barazil, wadda ita ce kan gaba wajen noman kafe a duniya. A shekarun 2023 da 2024 fari da zafi suka auka wa Biyetnam, wadda ke bi mata. A watan Fabrairu na 2025 farashin kafen da ake kira arabika ya haye dala 4 a kasuwar birnin New York, dalar Amurka ke nan, ba dalar kasuwar Tawa ba, bisa kowace laba, wadda ba ta kai rabin kilo ba. Ba a taɓa ganin haka ba tun da aka fara wannan ciniki.

Tushen matsalar shi ne, kusan dukan kafen da duniya ke sha daga iri biyu kacal yake fitowa. Na farko arabika, wadda asalinta duwatsun kudu maso yammacin Habasha ne. Ita ce mai ƙamshi da tsada, ita ke riƙe da wajen kashi 60 cikin 100 na ciniki, amma kuwa ƴar lele ce, ba ta son zafi. Na biyu robusta, ta kurmin Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, mai jure zafi da yawan ƴaƴa, mai ɗaci, wadda akasari da ita ake yin garin gwangwani. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa tsakanin kashi 39 da 59 cikin 100 na ƙasar da ake noman kafe a Habasha na iya daina karɓarsa kafin ƙarshen wannan ƙarni, idan zafi ya ci gaba da hawa yadda ake hasashe. Manomin da ke gindin dutse yana iya matsawa sama neman sanyi, amma kowane dutse yana da ƙarshe.

Cikin wannan hali ne sunan wani ɗan itace na Afirka ta Yamma ya sake fitowa, bayan an daɗe da mantawa da shi. Masana tsirrai suna ce masa Coffea stenophylla, watau kafe mai siririn ganye. Turawan Ingila na da suna kiransa kafen tudun Saliyo, ƴan kasuwar Faransa kuwa kafen Rio Nunez, da sunan kogin ƙasar Gine inda suke sayensa. Ba babban itace ba ne. Yana girma ne a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan kurmi, bisa tuddai da gangaren duwatsu, a ƙasashe uku kawai: Saliyo, Gine da Kodebuwa. Furensa fari ne kamar na sauran danginsa. Alamar da ta raba shi da su tana ga ƴaƴa: na arabika da robusta ja suke yi idan sun nuna, nasa kuwa baƙi ƙirin. Kalmar tudu da ke cikin sunansa kada ta ruɗi mai karatu, domin tuddan Saliyo inda ake samunsa ba su wuce ƴan ɗaruruwan mita ba, ba su kama ƙafar duwatsun Habasha ba, kuma zafi ake yi a kansu. A nan ne duka darajarsa take.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Adam Afzelius, wanda ya zauna Saliyo a shekarun 1790, yana cikin Turawan farko da suka tsinke shi, sa'an nan George Don, mutumin Sikotlan, ya raɗa masa sunan kimiyya a 1834. Mutanen ƙasa dai sun riga su saninsa. A ƙarshen ƙarni na 19 ana nomansa, ana loda shi cikin jiragen ruwa zuwa Turai, kuma waɗanda suka rubuta labarinsa a lokacin sun yabi ɗanɗanonsa ƙwarai. Abin da ya kashe masa kasuwa robusta ce. Da aka yaɗa ta daga Kwango a farkon ƙarni na 20, hukumomin mulkin mallaka suka ga tana saurin ba da amfani, kuma tana cika buhu fiye da shi. Mulkin mallaka kuwa buhu yake ƙirga. Aka daina rarraba irinsa, manoma suka sare nasu suka dasa sabon, har aka wayi gari ba a san inda yake ba. Ganin ƙarshe da aka rubuta an yi masa a dajin Saliyo, a shekarar 1954 ne.

Shekara 64 ana wannan shiru. Cikinsu Saliyo ta samu ƴanci a 1961, ta sha yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, sa'an nan annobar Ebola daga 2014 zuwa 2016. Ƙasar da ke binne ƴaƴanta ba ta da sukunin neman wani ɗan itace a daji.

Waɗanda suka tashi nemansa su uku ne a kan gaba: Aaron Davis, shugaban binciken kafe a lambun tsirrai na Kew da ke Landan, Jeremy Haggar na jami'ar Greenwich, da Daniel Sarmu, ɗan Saliyo, ma'aikacin raya karkara. Da fari an bi ƙauyuka da takardu masu hoton ganye da ƴaƴan itacen, ana tambayar manoma ko akwai mai shi a gonarsa. Ba a dace ba. Sai aka koma ga busassun ganyayen da Turawan da suka tsinka, suka manna bisa takardu, suka rubuta sunan wurin da ranar, waɗanda ke ajiye cikin akwatunan Kew. Da wannan jagora aka shiga daji a watan Disamba na 2018. A tuddan Kasewe aka ga itace guda tak. Aka ƙara gaba zuwa gabas, zuwa tuddan Kambui da ke kusa da garin Kenema, kuma bayan tafiyar sa'o'i cikin sarƙaƙiya aka tarar da wani gungu mai lafiya.

Ganin itace daban, sanin amfaninsa daban. A 2020 aka samu ƴan ƙwarori daga Saliyo, aka kuma samu wasu ta hannun cibiyar binciken aikin gona ta Faransa, CIRAD, daga lambun ajiyar da ke tsibirin Réunion, inda ake renon itatuwan da asalinsu daga Kodebuwa aka kwaso su. Aka soya, aka dafa, aka miƙa wa gwanayen ɗanɗano a Landan da Montpellier da wasu wurare, ba tare da an faɗa musu abin da ke cikin kofi ba. Kashi 81 cikin 100 na alƙalan suka ɗauka arabika ce. A ma'aunin da ƴan wannan sana'a ke aiki da shi, wanda kafe ke shiga sahun na musamman idan ya kai maki 80 cikin 100, ya samu 80,25. Sakamakon ya fito cikin mujallar Nature Plants a watan Afrilu na 2021, tare da lissafin da ya fi jan hankali: a inda itacen nan yake rayuwa, matsakaicin zafin shekara digiri 24,9 ne, watau ya ɗara na robusta da digiri 1,9, ya ɗara na arabika da fiye da digiri 6.

Jaridun Turai da Amurka suka yi ta shelar an gano mai ceton kafe. Wannan magana ta yi gaggawa. Dalilin da ya sa aka yi watsi da shi shekara ɗari da suka wuce yana nan bai gushe ba: ƙwararsa ƙanana ce, amfaninsa bai kai na robusta ba, kuma manomi mai iyali ba ɗanɗano yake kaiwa kasuwa ba, nauyi yake kaiwa. Tsofaffin rahotanni sun ce yana jure fari da ciwon tsatsar ganye, amma sai gonakin gwaji sun tabbatar. An fara renon ƴaƴansa a Saliyo domin wannan aiki, sai dai itace ba gero ba ne da za a shuka a watan Yuni a san sakamako a watan Oktoba. Aurar da shi ga arabika ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin sandunan gado da ke cikin ƙwayar halittarsa 22 ne, na arabika 44, kuma fitar da sabon irin kafe har ya isa hannun manomi yakan ci shekara 20 ko fiye. Haka nan kada wani ya ji an ce yana jure zafi ya fara share fili a Gaya: itacen kurmi ne, yana bukatar ruwan sama fiye da milimita 1500 a shekara, abin da babu wani yanki na Nijar da ke samu.

Duk da haka masu murna ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma tarihi yana bayansu. Akasarin arabikar da aka dasa a Amurka ta Kudu jikokin ƴan itatuwa kaɗan ne da aka fitar daga Yaman, har da guda ɗaya da aka rena a lambun Amsterdam a farkon ƙarni na 18. Gonakin da jininsu ɗaya ne, ciwo ɗaya ke kwantar da su. A 1869 tsatsar ganye ta ɓulla a tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka, kuma cikin shekara 20 ta gama da noman kafe a can, har masu gonaki suka koma ga ganyen shayi. Ta sake yin ɓarna mai yawa a Amurka ta Tsakiya a 2012 da 2013. Garkuwar da ake da ita a yau, mafi yawanta ta samo asali ne daga wani itace da aka tsinta a tsibirin Timor, wanda aka haifa tsakanin arabika da robusta ba da shirin kowa ba. Abin nufi, maganin gona sau da yawa a wajen gona yake.

To amma wajen gonar ne ke ƙarewa. A watan Janairu na 2019 masanan Kew suka ba da lissafin dangin kafe 124 da aka sani a lokacin, akasarinsu a Afirka da Madagaska. Guda 75, watau kashi 60 cikin 100, suna fuskantar barazanar ƙarewa. Kashi 45 cikin 100 babu su a kowane lambun ajiya, kashi 28 cikin 100 kuwa ba a san su cikin kowane gandun daji mai tsaro ba. Ita kanta arabikar daji ta Habasha an sa ta cikin jerin masu haɗari.

Manomin Nijar zai tambaya, me ya hana a zuba irin cikin rumbu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce zuciyar wannan al'amari. Gero da dawa da wake suna son bushewa. Idan aka busar da su sosai aka ajiye cikin sanyi, sai su yi shekaru masu yawa da ransu. Haka ake yi a cibiyar ICRISAT da ke Sadoré, kudu da Yamai, haka kuma ake yi a babban rumbun iri da aka haƙa cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard, arewacin Norway, a 2008. Ƙwarar kafe ba ta yarda da wannan ba. Idan ta bushe ƙwarai ko ta sha sanyi sai ta mutu, idan aka bar ta haka nan kuma cikin ƴan watanni take daina tsira. Ana iya daskarar da ita ta wata hanya ta musamman, amma mai tsada ce, kuma ba a gama gwada ta ga yawancin dangin ba. Abin da ya rage shi ne a riƙe itacen da ransa a lambu, kamar yadda ake yi a Divo ta Kodebuwa, inda aka tara abin da masu binciken ORSTOM suka kwaso daga dazuzzukan Afirka a shekarun 1970 da 1980, ko a Réunion, ko a Kianjavato ta Madagaska. Lambu kuwa yana son albashin ma'aikata kowane wata, da ban ruwa, da zaman lafiya. Guguwa guda ko kasafin kuɗi guda da aka yanke ya isa ya share aikin shekara talatin. Sa'an nan itatuwa goma da ke lambu ba su ɗauke da dukan bambancin da ke cikin dubun da ke daji. Rumbun gaskiya na wannan itace kurmin ne da kansa.

Halin da kurmin yake ciki ba ɓoyayye ba ne. Kodebuwa tana da kimanin hekta miliyan 16 na kurmi a farkon ƙarni na 20. Ƙidayar da aka bayyana a 2021 ta samu ƙasa da miliyan 3, kuma koko da kafe da katako ne suka ci mafi yawa. Abin mamaki ne a ce gonar kafe ce ta cinye gidan kakannin kafe, amma haka aka yi. A Saliyo tuddan Kambui gandun daji ne na hukuma tun zamanin Ingilishi, amma sunan gandu bisa takarda bai hana zarton masu katako shiga ba, balle masu haƙar zinariya, da manoman da ke sassabe suna hawa gangare domin ƙasar gindi ta gaji. Mutanen ƙasar sun san kuɗin sare tudu: ranar 14 ga Agusta 2017, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, gefen dutsen da ke bayan Firitawun, babban birnin ƙasar, inda aka sare itatuwa aka yi gine-gine, ya zabtare ya binne mutum fiye da 1000.

Ba za a zargi talakan Kenema ba. Katako yana ba shi kuɗi yau, zinariya tana ba shi fata, ɗan itace mai baƙaƙen ƴaƴa kuwa har yanzu bai ba shi ko kwano guda na shinkafa ba. Idan wata rana jinin wannan itace ya shiga gonakin Barazil da Biyetnam, ribar za ta kai miliyoyi masu yawa, kuma tambayar da ta dace a yi tun yanzu ita ce nawa ne zai komo gindin tudun. Afirka ta Yamma ta taɓa ganin irin wannan. Daga wata shinkafar daji da aka ɗauko a ƙasar Mali ne aka samu ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga wani mugun ciwon ganye. An ware ta a jami'ar Kalifoniya a 1995, aka yi mata rajistar mallaka a Amurka. An kafa wani asusu domin a saka wa ƙasar da aka ɗauko ta, amma asusun bai samu kuɗin da aka yi tsammani ba.

Dokoki dai akwai su. Yarjejeniyar Rio ta 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da albarkatun halittun da ke cikinta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce sai da izini za a ɗauka, kuma sai an raba amfani. A taron Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 aka amince da wani asusu da manyan kamfanoni za su riƙa zuba kuɗi idan sun ci riba da bayanan gadon halittu da ke cikin kwamfuta, sai dai zubin na ganin dama ne, ba tilas ba. Kuma akwai wata ƙofa a buɗe: abin da aka kwasa kafin 1992, wanda ke lambunan ƙasashen waje, yawanci waɗannan dokoki ba su kai gare shi ba. Ko da kuɗin ya zo ma, a babban birni yake sauka, kuma tsakanin ofishin minista da ƙauyen da ke bakin gandu akwai tafiya mai nisa.

A nan ne abin da ya faru a jihohin Maraɗi da Damagaram yake da abin faɗa, ko da yake gawo da kafe ba danginsu ɗaya ba. Shekaru da yawa doka ta riƙe itatuwan gona tamkar dukiyar hukuma, manomi yana iya shan tara idan ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonarsa, don haka ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, akasari ya mutu. Daga shekarun 1980, da sassaben zamani ya yaɗu, manoma suka fara barin kututture ya toho suna gyara shi, hukuma ta sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ba su dama. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo bisa hekta miliyan 5. Ba yawan masu gadi ne ya kawo wannan ba; manomi ne ya tabbata itacen nasa ne, makiyayi zai saya masa ƴaƴan gawo, matarsa za ta samu itacen wuta.

Kafen tudun Saliyo yana da wata dama da yawancin tsirrai masu ƙarewa ba su da ita, domin ana shansa, kuma akwai masu son biyan tsada a kansa. Tun da inuwa yake so, ana iya nomansa ƙarƙashin manyan itatuwa ba tare da an sare su ba, kamar yadda manoman Kafa da Jimma a Habasha suke tsinkar kafensu cikin kurmi. Idan ƙauyukan da ke kewaye da Kambui suka zama su ne masu renon irin, masu sayar da shi da sunan ƙasarsu, to gungun da ke cikin gandu ya zama uwar dukiyarsu. Amma tsadar tana da nata haɗari: da zarar labari ya bazu cewa baƙin ƴaƴan nan kuɗi ne, masu tsinka da masu tumɓuke ƴan tsirrai za su riga masu bincike isa wurin. Aikin hukumomin Saliyo ne su tsara wanda zai shiga, da abin da zai ɗauka, da rabon da zai bari, tun kasuwar ba ta buɗe sosai ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da halittar itacen ta gindaya, wanda babu dokar da za ta sauya shi. Arabika tana iya ɗaukar ciki da garin furenta, shi ya sa itace guda na Amsterdam ya cika nahiya. Yawancin sauran dangin kafe ba haka suke ba: sai ƙudan zuma ko wani ƙwaro ya ɗauko garin fure daga wani itace dabam ya kawo, sa'an nan ƴaƴa su ƙullu. Itacen nan guda da aka gani a tuddan Kasewe a watan Disamba na 2018, in har ba shi da ɗan'uwa a iyakar tafiyar zuma, zai yi ta fure fari kowace shekara har ya tsufa, ba tare da ya bar ko ƙwara ɗaya mai tsira ba.